Gidan Malam Rabe, Lamba Arba'in da Uku

Ruwan ranar Talatar nan bai yi sallama ba. Ana idar da sallar asuba ya tsinke, kafin hantsi lambatun unguwar New Bell sun cika sun tumbatsa, sun fara dawo wa mutane da duk abin da suka zuba musu tun farkon damina. Tsofaffin takalma, ɓawon rogo, kwandunan tumatir, har da wata tunkiya da aka gani tsaye bisa teburin mai shayi, teburin na tafiya da ita tana kallon jama'a.

Ikilima na jin usur ɗin ƙungiyar agaji daga bakin titi ta zabura. A shekarun nan ne da kowa a Douala ke cewa "kiriz", wato matsin tattalin arziki, tun kafin ya ce ina kwana. An zaftare albashi, ofisoshi sun sallami mutane, ita ma kamfanin katakon da ta yi shekara shida tana buga wa keken rubutu ya ce ta huta a gida. Hutun ne ya ishe ta, ta je ta rubuta sunanta a ƙungiyar agajin unguwa. Wata takwas suna koyon ɗaure karaya a jikin masu lafiya, yau ga aiki na gaske ya zo har ƙofar gida.

Ta leƙa ɗakin mahaifiyarta. Inna Hapsatu na zaune a bakin gado, lulluɓe, 'yar wuƙar takaba a hannunta. Wata biyu da kwana tara ke nan da rasuwar Malam Rabe tela, kuma tun ranar Inna ba ta taka ko zaure ba. Tafiyarta a hankali, maganarta sai ka kawo kunne.

"Inna, ruwa ya kai idon sawu a tsakar gida. Yaya Idirisu ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa dokin ƙofa zai zo daga unguwar Ndokoti ya ɗauke ki. Ki shirya kayanki."

Inna ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ba e ba ce, ba kuma a'a ba. Ikilima ta ɗauke ta a matsayin e, don ita take so ta ji, ta tattare zaninta ta faɗa ruwa.

A makarantar firamare mai bene aka kafa sansani, don nan ne tudu. Aji ɗaya aka buɗe a sama, amma tebur uku aka jera, saboda a cikin shugabannin uku babu wanda zai zauna a teburin wani.

Na farko Adjudan Mbella ne, shugaban 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan ake ce wa pompiye. Shi ke da kwale-kwalen roba guda ɗaya tal, mai inji amma babu mai, sai filafilai huɗu. Na biyu Ɓoɓɓo, Bafulatanin Garoua, tsohon direban babbar mota, shugaban ƙungiyar agaji. Shi ke da barguna da akwatin magani da lasifikar hannu mai batir, wadda ke rataye a wuyansa, kuma ba a taɓa ganin ya ba wani ya riƙe masa ita ko da zai yi alwala ba. Na uku Liman Abubakar Siddiƙ, mai makullan masallaci da na islamiyya, inda za a sauke jama'a. Lasifikar masallaci ta mutu tun da aka ɗauke wuta, amma makullai na aljihunsa, yana kuwa karkaɗa su duk lokacin da ya ga ana neman mantawa da shi.

Awa guda cur suka yi suna gardamar wa zai zama shugaba. Adjudan ya ce doka ta ba shi. Ɓoɓɓo ya ce doka ba ta san lungunan New Bell ba. Liman ya ce shi bai ga wanda jama'a ke bi sahu-sahu sau biyar a rana ba in ba shi ba. Da suka gaji, Adjudan ya ɗauki alli ya ja layi biyu a allon aji, ya raba shi gida uku. Pompiye su fito da mutane, 'yan agaji su karɓe su su duba su, masallaci ya ba su masauki da abinci. Kowa ya tsaya a gidansa. Unguwar kuma an yanka ta bulok-bulok, duk wanda aka gama sai su ukun sun sa hannu kafin a rufe shi.

Magatakarda dai ɗaya ce, Ikilima, don ita kaɗai ke rubuta Faransanci da sauri ta kuma juya shi da Hausa ba tare da ta ƙara gishiri ba. Aka aje mata benci a tsakiya.

Kai, abin ya yi aiki! Wallahi ya yi. Kwale-kwale ya tafi wayam ya dawo danƙam, 'yan agaji su tare shi a bakin matakala da barguna, matan masallaci na can suna dama kunu a tukunyar biki. Ɓoɓɓo ya tsaya a baranda yana ba da umarni ta lasifika ga mutanen da ke taku biyu daga gare shi. Kafin azahar an fito da mutum sama da ɗari biyu, har da mai naƙuda da ta haihu a ofishin hedimasta, aka yi guɗa bene ya ɗauka. Ikilima ta ji jininta na gudu yadda bai yi ba tun da aka sallame ta daga aiki. Alƙalaminta bai huta ba, ita kuma daɗi kamar ya kashe ta.

Duk sawun da aka dawo, wani pompiye zai tsaya a gabanta ruwa na ɗiga daga hularsa, ya karanto mata lambobin gidaje. Lambobin nan wasu ma'aikata ne suka zo shekarun baya suka shafa su da shuɗin fenti a saman ƙofofi, suka tafi abinsu. A unguwar babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalle su. In kana neman gida sai ka ce gidan mai koko, gidan Alhaji mai goro, gidan Rabe tela. Pompiye kuwa ba su san mai koko ba, lamba suka sani. Su buga ƙofa sau uku, su yi kira, in ba a amsa ba su zana gicciye da alli su wuce.

"Bulok bakwai. Arba'in da ɗaya, mutum biyar, mun fito da su. Arba'in da biyu, vide. Arba'in da uku, vide."

Ta rubuta, babu kowa, babu kowa, da kyakkyawan rubutun nan nata mai kwanciya gefe. Shugabanni uku suka sa hannu, aka rufe bulok bakwai, aka ɗaura igiya a bakin layin, kwale-kwale ya juya wajen iyakar Nkololoun inda mutane ke jira a kan rufin kwano.

Ƙarfe uku saura kwata ta ji ana kiran sunanta daga matakala. Yayanta Idirisu ne, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ina Inna?"

Alƙalami ya faɗi daga hannunta. "Yaya, ni zan tambaye ka! Ba kai ka ɗauke ta ba?"

"Da wace hanya? Tun safe Ndokoti a toshe take, da ƙafa na zo. Na isa bakin layinmu pompiye ya hana ni wucewa, ya ce an kwashe kowa. Ya tambaye ni lambar gida, na ce arba'in da uku. Ya nuna mini takarda." Ya miƙo mata kwafin da aka ba mai gadin igiya, ya jiƙe amma yana karantuwa. "Ba rubutunki ba ne wannan?"

"Arba'in da uku gidanmu ne?"

"Ni na yi zirga-zirgar takardar rasuwar Baba, sau goma na rubuta lambar nan. Ke da aka haife ki a ciki ba ki sani ba?"

Ba ta sani ba. Shekara ashirin da tara tana shiga tana fita ta ƙarƙashin lambar, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Tsoro ya kama ta tun daga ƙafa, kunya ta biyo baya, amma babu lokacin ko ɗaya. Ta yi tsalle ta tsallake benci ta tsaya gaban tebur na farko.

"Mon adjudant, akwai mutum a arba'in da uku. Mahaifiyata ce."

Adjudan Mbella ya ɗago jajayen idanunsa. Ya ce yaransa sun buga ƙofa sau uku, sun yi kira da Faransanci, sun yi da Pidgin, babu wanda ya amsa. Ta yi masa bayani cikin sauri, harshe na harɗewa: matar da mijinta ya rasu tana zaman wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, ba ta ɗaga murya, balle ga baƙin maza a ƙofar gida. Ya saurara har ƙarshe, ya duba agogonsa.

"Madmazel, ƙarfe huɗu kogin Wouri zai cika, ya turo ruwan lambatu baya. Abin da yake ƙirji yanzu zai wuce kai. Ina da sawu ɗaya kafin nan, wataƙila biyu. In na je ta ƙi fitowa fa? Yarana ba za su ja tsohuwa da ƙarfi ba. Kuma bulok ɗin a rufe yake, hannu uku ne a kansa, ba nawa kaɗai ba."

Ta juya tebur na biyu. "Baffa Ɓoɓɓo!"

Ɓoɓɓo ya nuna allo da haɓa, fuskarsa duk ta yamutse don tausayi. "'Yata, fito da mutane gidan pompiye ne. Ni da bakina na yarda ba zan tsallaka layi ba. A kawo ta, bargo biyu zan ba ta."

Ta juya na uku ta durƙusa. "Allah gafarta Malam."

"Ai babu wata magana a nan," in ji Liman. "Ceton rai ya wuce zaman ɗaki. Ta fita, takabarta na nan daram. Je ki faɗa mata in ji ni."

"Malam, Inna ce fa. In na faɗa mata cewa za ta yi na ƙirƙira don in fitar da ita. Sai ta ji daga bakinka."

Liman ya kalli taga, ya kalli ruwan da ke gudu da ƙofar wani shago, ya mayar da makullansa aljihu a hankali. Kowa a unguwar ya san Malam ko gadar Wouri zai haye a mota sai ya rufe ido.

Sai wata murya ta tashi daga bakin ƙofa, irin muryar da ba ta buƙatar batir. Rabi'atu mai ƙosai ce, ludayin kunu a hannunta. Shekara talatin tana suya a bakin layin, babu haihuwa ko mutuwar da ta wuce ta.

"Hapsatu kaɗai kuke lissafi? Matar marigayi mai gyaran rediyo fa, da ba ta yi arba'in ba? Tun ɗazu nake zuba kunu ina duba fuskoki, ban gan ta ba. Ita ma kun zana mata gicciyen ko?"

Ikilima ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta isa gaban allo ba. Ta damƙi gefen mayafinta, wanda dama a jiƙe yake, ta goge layin farko daga sama har ƙasa, ta goge na biyu. Ta juyo tana haki.

"Mai jirgi ba shi da murya. Mai murya ba shi da lasifika. Mai lasifika ba shi da jirgi. Ƙofar ɗakin kuma duk cikinku babu mai shiga sai mace. To ku ci gaba da zama a teburanku, ni na tafi da ƙafa."

Adjudan Mbella ne ya fara tashi. Ya jawo takardar bulok bakwai ya soke sa hannunsa da layi ɗaya, ya tura wa Ɓoɓɓo. Ɓoɓɓo ya soke nasa. Liman ya karɓi alƙalami ya yi bisimilla ya soke, sannan ya fara naɗe babbar rigarsa zuwa kafaɗa yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Ƙarfe uku da minti ashirin kwale-kwale ya dawo daga wajen Nkololoun, aka sauke mutane, su shida suka shiga. Adjudan da Idirisu a kan filafilai, Rabi'atu a gaba tana nuna hanya, Ikilima a bayanta da igiya a ƙugu. Liman a tsakiya, ido rufe. Aka ce Ɓoɓɓo ya miƙa wa Malam lasifika, ya ce shi ba ya hana Malam magana, amma igiyar ba ta fita daga wuyansa. Haka aka tafi, Malam na riƙe da lasifika, wuyan Ɓoɓɓo na biye da ita duk inda ta juya. Jama'ar da ke baranda suka ɗauki kabbara da tafi, wasu na dariya hawaye na zuba.

"Dama! Bayan gidan mai koko! A'a, Adjudan, wannan ba hanya ba ce, rijiya ce a ƙasa!" Rabi'atu ke ba da umarni, shugaban pompiye na cewa "Oui, madame" yana tuƙi. Suka kutsa lungunan da ruwa ya mayar rafuka, suna sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyin shanya, suna ture katifu da jarkoki da filafili. Da suka shiga bulok bakwai Malam ya buɗe ido ɗaya, ya gyara murya, sai ga muryar da unguwa ta saba ji daga hasumiya tana fitowa daga tsakiyar ruwa.

"Salamu alaikum! Ni ne Abubakar Siddiƙ, limaminku! Duk mai takaba da ke cikin ɗaki, ta fito! Ceton rai wajibi ne! Takabarki ba ta ɓaci ba, ni na faɗa, ni zan amsa a gaban Allah! Ga mata nan za su shigo muku!"

Sau uku ya maimaita. A na ukun wata 'yar taga ta katako ta buɗe a gidan mai gyaran rediyo, hannu ya fito yana kaɗa ɗankwali. "Ga ta! Ga ta!" Ɓoɓɓo ya yi ihu har ya manta wuyansa a ɗaure yake, ya kusa jefa Malam a ruwa. Rabi'atu ta tattare zani ta dira, ta ce su wuce, za ta hau da matar kan katanga su jira dawowarsu.

Gida na huɗu daga nan shi ne nasu. Ikilima ta ɗaga kai, karo na farko a rayuwarta, ta ga shuɗin fenti a saman ƙofa, huɗu da uku. A ƙasansa ga gicciyen alli, ruwa ya riga ya cinye ƙafarsa. Ta miƙa wa Idirisu bakin igiya ta sauka.

Sanyin ruwan ya ɗauke mata numfashi. A zaure ya kai mata ƙirji, a tsakar gida ya taɓa wuya, kuma tana jin yana ƙaruwa, yana turo ta baya. Turmi ya wuce ta yana juyi. Ta kama igiyar shanya ta ja jikinta har ƙofar ɗakin, ta sa kafaɗa ta tura.

Inna Hapsatu na tsaye a kan teburin keken ɗinkin Malam Rabe, kanta ya kusa taɓa rufi, ruwa ya kai mata gwiwa. Lulluɓinta na nan yadda yake da safe. Hannu ɗaya riƙe da 'yar wuƙar, ɗayan rungume da hular marigayi a ƙirji. Leɓunanta suka motsa, Ikilima ta matso ta kawo kunne.

"Na ji Malam."

"Inna, da suka buga ƙofa me ya sa ba ki amsa ba?"

"Na amsa. Sau uku suka buga, sau uku na ce ina nan."

Da wannan muryar, a ƙarƙashin wannan kwanon da ruwa ke duka. Kuka ya ƙwace wa Ikilima, ta kifa goshi a gwiwar uwarta. "Ni na rubuta, Inna. Da hannuna na rubuta gidan nan babu kowa."

Inna ta dafa kanta da hannun da ke riƙe da hular. "Ba ki yi ƙarya da yawa ba. Tun da babanki ya tafi, ni ma haka nake jin gidan."

Ikilima ta juya mata baya ta ranƙwafa. Inna ta sauko a hankali ta hau, ba ta da nauyi ko kaɗan, ta zagaye wuyan 'yarta da hannu. Suka fito tsakar gida, ruwa na dukan haɓar Ikilima, igiya na jan ƙugunta. Daga waje lasifika ta yi ƙara, wannan karon muryar Ɓoɓɓo ce.

"Ikilima! Lamba arba'in da uku! Akwai mutum?"

Ta buɗe baki za ta amsa, ruwa da kuka suka cika shi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Sai ta ji ƙirjin da ke manne da bayanta ya ja numfashi mai tsawo. Muryar da ta yi wata biyu da kwana tara a ƙasa, muryar da a da ke kiran Idirisu daga filin ƙwallo ya ji ya taho da gudu, ta tashi ta bisa kanta, ta keta ƙarar ruwan, ta fita ta zaure.

"Akwai!"